Tseren babur marar birki: makin bara ba ya ciyo kofin bana

Daga 1 zuwa 14 ga watan Nuwamba na kowace shekara, ƙungiyoyin tseren babur na ƙasar Polan kan buɗe kasuwar sayen mahaya. A takarda ke nan. A zahiri, ana gama ciniki tun cikin bazarar Turawa, ta wayar salula da ganawar sirri a otal, sai dai a jira Nuwamba a kira ƴan jarida a ɗauki hoton sa hannu. Daga nan har zuwa watan Afrilu da ake komawa fili, magoya baya ba su da aikin da ya wuce lissafi: wane ya ci maki kaza bara, wane ya fi shi da kaza, saboda haka kofin bana na ƙungiya kaza ne. Ni kuwa ina ganin wannan lissafi shi ne hanya mafi sauƙi ta ɓarnar kuɗi, kuma tarihin wasan na shekarun baya-bayan nan ya isa shaida.

Kafin mu je can, bari in gabatar da wasan ga wanda bai taɓa ganinsa ba, tunda ba a nuna shi a gidajen kallon ƙwallo na Maradi ko Damagaram. Sunansa Speedway. Babur ne mai inji 500cc, yana shan metanol maimakon fetur, giyarsa ɗaya tak, kuma ba shi da birki ko kaɗan. Mahaya huɗu ne ke jeruwa bayan zare, a ɗaga zaren su zabura, su kewaya fili mai siffar ƙwai sau huɗu, kullum suna karya kwana ta hagu. Filin jar ƙasa ce da ƴar tsakuwa, tsawonsa tsakanin mita 260 zuwa 425. Tunda babu birki, mahayi kan karkatar da babur ɗin ya jefar da ƙafar baya gefe, ya bi kwanar yana zamewa da ƙafar hagu a ƙasa. Cikin minti ɗaya an gama. Na farko maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi hannu rabbana. A karawar ƙungiya da ƙungiya ana yin zubi 15, kowace ƙungiya mahaya biyu a kowane zubi, jimillar maki 90 ke nan. Wanda ya kai 46 ya yi nasara.

Manyan gasannin suna Polan, Birtaniya, Suwidin da Danmak, kuma mahayi ɗaya kan yi wa ƙungiyoyi biyu ko uku wasa a ƙasashe daban-daban cikin mako guda. Amma inda kuɗi da jama'a suke, Polan ce. Babbar gasarta, Ekstraliga, ƙungiyoyi takwas gare ta, kuma a garuruwa irin su Leszno da Gorzow da Zielona Gora babur ya sha gaban ƙwallon ƙafa.

To, da me ake auna mahayi? Da matsakaicin makinsa. A Polan ana raba makin da ya ci da yawan zubin da ya shiga, mafi ƙoli 3.00. A Birtaniya ana ninka wannan sau huɗu, mafi ƙoli 12.00. Lamba ce mai daɗin kallo, kuma ba ƙarya take yi ba. Matsalarta ita ce labarin jiya kawai ta sani. Shugaban ƙungiyar da ya sayi mahayi saboda lambarsa ta bara, ya saye shi ne a ranar da farashinsa ya fi tsada, kamar mai sayen rago ana jajibirin Babbar Salla.

Mu duba abin da babban tauraro zai iya kawowa. A tsarin Polan babban mahayi na da zubi huɗu a jadawali, ya ƙara ɗaya a zubin ƙarshe da mai horarwa ke zaɓen waɗanda za su shiga. In ya cinye duka, maki 15 ke nan. In ƙungiyarsa na baya da maki shida, doka ta yarda a sake tura shi a madadin wani, ya kai 18. Galibi ƙarshen ƙoƙarinsa ke nan, ko da shi ne gwanin duniya. Sauran maki 28 ko 31 da ake buƙata kafin a kai 46, dole wasu su nemo su.

Ba wanda ya fi Bartosz Zmarzlik nuna wannan. An haife shi a 1995, ya tashi a ƙungiyar Stal Gorzow. Yana da shekara 17 aka ba shi gurbin baƙo a gasar Grand Prix da aka yi a Gorzow a 2012, ya zo na uku a gaban manyan duniya. Yana da 19 ya lashe ta. Yanzu kofin duniya shida gare shi: 2019, 2020, 2022, 2023, 2024 da 2025, ya kamo Ivan Mauger na Niyu Zilan da Tony Rickardsson na Suwidin. Amma ga abin da masu lissafin Nuwamba ba su cika tunawa ba. Sau biyu Stal Gorzow ta ci kofin ƙasa tare da shi, a 2014 da 2016, kuma duka biyun Zmarzlik yana cikin rukunin matasa ne, ƴan shekara 21 zuwa ƙasa. Daga 2017 da ya koma sahun manya har 2022 da ya bar ƙungiyar, ya fi da ƙwarewa nesa ba kusa ba, amma Gorzow ba ta sake ɗaga kofin ba. A 2019, shekarar da ya fara zama zakaran duniya, sai da ƙungiyarsa ta yi wasan neman tsira kafin ta kuɓuta daga faɗawa rukuni na biyu.

Dalilin yana cikin doka. Wajibi ne kowace ƙungiya ta Ekstraliga ta sa matasa biyu a jerinta, kowannensu da zubi uku a jadawali. Shida ke nan cikin gurabe 30 na ƙungiyar, kashi ɗaya cikin biyar, kuma ana iya ƙara musu zubi a madadin babban da ya gaza. Tsakanin tauraron wannan ƙungiya da na waccan, bambancin bai cika wuce maki biyu ko uku a karawa ba. Tsakanin matasan wannan da na waccan kuwa, yana iya kai takwas ko goma. Lokacin da Zmarzlik ke zaune a kujerar matasa, Gorzow tana fita ne da babban mahayi ɗaya fiye da kowa. Da shekarunsa suka wuce, ya zama ɗaya cikin manya biyar, kujerar da ya bari kuma ta koma irin ta kowa.

Unia Leszno ta fahimci wannan fiye da kowa a zamaninta. Ta ci kofi a 2015, sannan sau huɗu a jere daga 2017 zuwa 2020, ƙarƙashin mai horarwa Piotr Baron a waɗannan huɗun. Tana da manya, ba shakka: Emil Sayfutdinov ɗan Rasha, da Janusz Kolodziej, da Piotr Pawlicki. Amma abin da ya sa abokan hamayya ke shiga filin Leszno gwiwa a sanyaye shi ne yara biyu da ƙungiyar ta raina da hannunta, Bartosz Smektala da Dominik Kubera. Smektala ya zama zakaran duniya na matasa a 2018. Da wa'adin yaran ya cika, Kubera ya koma Lublin, daga baya Sayfutdinov ya tafi Torun, Baron ma ya bi shi can, sai ginin ya fara zubewa a hankali. A 2024 Leszno ta faɗa rukuni na biyu, shekara huɗu kacal bayan kofinta na ƙarshe.

Motor Lublin ta bi wata hanya zuwa wuri ɗaya. A 2017 tana rukuni na uku, a 2019 ta iso Ekstraliga. Ba ta da tsohuwar makarantar horar da yara irin ta Leszno, sai ta riƙa zuwa ƙananan ƙungiyoyi tana ɗauko su tun kafin farashinsu ya tashi: Wiktor Lampart daga Rzeszow, Mateusz Cierniak daga Tarnow, daga baya Wiktor Przyjemski daga Bydgoszcz. Ana dab da fara kakar 2022 aka dakatar da mahayan Rasha saboda yaƙin Yukiren, Lublin ta rasa Grigory Laguta, ɗaya daga ginshiƙanta. A lissafin takarda, kakar ta mutu tun ba a tada inji ba. Amma ita ta ci kofin, kuma a wasan ƙarshe Gorzow ta Zmarzlik ta kayar. A wannan shekara Cierniak ya zama zakaran duniya na matasa, ya maimaita a 2023, Przyjemski ya karɓa a 2024. Lublin ta sayo Zmarzlik ne bayan ta riga ta zama zakara, ta ƙara kofi biyu da shi, kafin Torun ta ƙwace a 2025.

Wani zai ce, ai ga shi nan, da kuɗi ya samu su ma tauraron suka saya. Gaskiya ne, kuma ba na cewa tauraro ba shi da amfani. Zubi na 14 da na 15, inda ake raba gardama in maki ya yi kunnen doki, na masu taurin zuciya ne, kuma tauraro ne ke cika fili da ƴan kallo, ya jawo kamfanonin talla. Abin da nake cewa shi ne kowa ya san farashin tauraro, ba a samun rangwame a kansa. Ribar tana wurin wanda lambarsa ba ta kai ƙarfinsa ba tukuna.

A Birtaniya wannan farauta ta zama dole, don doka ce ta tilasta ta. Can ana ƙayyade jimillar matsakaicin makin mahayan da ƙungiya za ta iya haɗawa a farkon kaka. Lissafin mai sauƙi ne: in aka raba maki 90 daidai, kowace ƙungiya na da 45 a gurabe 30, wato 1.5 a kowane zubi, wato 6.00 a ma'auninsu. Sau mahaya bakwai, 42. Shi ya sa shekaru da dama iyakar ke kai-kawo kusa da wannan adadi. Manufar ita ce kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye duka. Sakamakon kuwa, ƙungiyar da ta ci kofi lambobin mahayanta kan haura, sai ta wayi gari dole ta sallami ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda suka ciyo mata shi. Magoya baya sun tsani wannan, kuma ina bayansu: yaya za a yi yaro ya shaƙu da gwani a bana, badi ya gan shi sanye da rigar abokan gaba don kawai ya yi ƙoƙari? Amma tsarin ya koya wa manajojin Ingila wata sana'a. Duk hunturu suna neman mahayin da aka rubuta masa 5.00 alhali ƙarfinsa na 7.00 ne: wanda ya yi kakar bara da karaya, wanda injinsa ya ci amanarsa, wanda filin gidansu bai dace da salonsa ba. Tunda kowa da iyaka ɗaya ya fara, kofi na wanda mahayansa suka fi wuce lambobinsu ne.

Ta yaya ake gane irin wannan mahayi? A nan ne ido ke fin takarda. Abu na farko da ya kamata a tambaya shi ne a ina ya ci makin. Kowane fili da halinsa. Filin Belle Vue da aka buɗe a Manchester a 2016 mai faɗi ne, ana iya wuce mutum ta ciki ko ta waje. Tsohon filin Wolverhampton, da aka rufe bayan kakar 2023, ƙarami ne matsattse, sai wanda ya iya sarrafa maƙura da dabara. Ƙungiyar gida ce ke shirya ƙasar filinta, ta jiƙa ta ko ta daddaɓe ta yadda zai yi wa mahayanta daɗi. Mahayin da ke cin 12 a gida ya ci 3 a waje, da wanda ke cin 8 a gida 7 a waje, lambarsu ɗaya ce a takarda. In ka sayi na farko ka kai shi sabon fili, mai maki 3 ka saya.

Sai kuma wa ya kayar. Zubi na biyu a Polan na matasa ne zalla. Yaro na iya tara rabin makinsa na kaka a nan, yana tsere da sa'o'insa, bai taɓa shan gaban babba ko sau ɗaya ba. Wani kuma makinsa kaɗan ne, amma in ka kalli hotunan za ka ga ya bi zakaran duniya har kewaye uku bai bar shi ya huta ba. Akwai kuma makin gyara, wanda ake ba mahayin da ya biyo bayan abokin ƙungiyarsa kai tsaye yana gaban abokin hamayya. Ba ya shiga jimillar ƙungiya, amma yana nuna wanda ya iya tare hanya ya kare ɗan'uwansa su fita da 5 da 1, maimakon ya tsere shi kaɗai.

Tashi daga zare ma abin dubawa ne, amma da hankali. Galibin zubi a kwanar farko ake yanke su, saboda haka mai saurin sakin kuloci na tara maki ko da bai iya wuce kowa ba. Ni dai in an ba ni zaɓi tsakanin yara biyu, mai iya tashi da mai iya wucewa, na biyun zan ɗauka. Ana koyon tashi da maimaici da gyaran kuloci. Jin babur a jiki lokacin da yake zamewa dab da shinge, wannan da wuya a koya wa mutum. Dan Bewley na Ingila misali ne: an san shi da tashi a baya ya ƙare a gaba. Ya samu gurbi a Grand Prix na 2022 ne saboda dakatar da ƴan Rasha, kuma a wannan shekara ya lashe na Cardiff, ya bi da na Wroclaw.

Abin da lamba ta fi ɓoyewa shi ne inji. A wannan wasa mahayi ne ke mallakar baburansa, shi ke biyan makanikai, shi ke sayen motar da ke yawo da su ƙasa-ƙasa, shi ke kai inji wurin masu gyara. Ƙwararrun masu gyaran ba su da yawa, irin su Ryszard Kowalski a Polan da Peter Johns a Ingila, kuma ba kowa ke samun shiga layinsu ba. Tunda akasarin kuɗin mahayi a kan kowane makin da ya ci ake biyansa, abin kan zama zobe: ba maki ba kuɗi, ba kuɗi ba inji, ba inji ba maki. Yaron talaka mai baiwa na iya ƙarewa da 1.10 a kan tsofaffin injuna, ɗan mai hali ya kai 1.50 a kan sababbi. Duk wanda ya taɓa yin kabu-kabu da aron moto ya san wannan ba sai an yi masa bayani ba. Ƙungiya mai wayo kan tambayi wa ke gyara wa yaron inji kafin ta tambayi makinsa.

Inda na fi saɓawa da masu kasuwar shi ne batun shekaru. Dokar matasa ta sa yaro ɗan 19 mai ɗan dama-dama ya zama zinari, ƙungiyoyi na rububinsa. Ranar da ya shiga shekara ta 22, kujerar da doka ta keɓe masa ta tafi, sai ya yi takara da manyan duniya a kan gurabe biyar. Da yawa a nan suke ɓacewa, wasu da bashin injuna a wuya. Polan ta ga wannan rami, ta kawo doka a 2021 cewa dole a sa ɗan shekara 24 zuwa ƙasa a cikin manyan, Birtaniya ma ta keɓe gurbi ga matashin gida a shekarar. Gyara ne mai kyau, amma ramin aka matsar gaba, ba a cike shi ba. Alhali wasan kansa yana ta nuna cewa ba rana ɗaya kowa ke nuna ba. Jason Doyle na Ostireliya bai shiga Grand Prix sosai ba sai yana da shekara 29, ya zama zakaran duniya a 2017 yana da 32. Tomasz Gollob ya jira har 39 kafin ya ci nasa a 2010. Greg Hancock na Amurka ya ci na farko a 1997, na huɗu a 2016 yana da 46. Brady Kurtz, wanda shekaru ana ɗaukarsa mahayin ƙungiya kawai, ya shiga Grand Prix a 2025, ya lashe biyar a jere, maki ɗaya tak ya raba shi da Zmarzlik. A ɗaya gefen, cikin jerin waɗanda suka ci kofin duniya na matasa, kaɗan ne irin su Per Jonsson, Gary Havelock, Jason Crump da Zmarzlik suka ɗaga na manya.

Kuma kada a manta abin da ake ciniki a kansa. Darcy Ward, ɗan Ostireliya, ya ci kofin duniya na matasa a 2009 da 2010, kuma ba a cika samun mai musun cewa yana cikin mafi baiwar zamaninsa ba. Ranar 23 ga Agusta 2015, a filin Zielona Gora, ya faɗi a zubin ƙarshe ya samu rauni a laka. Tun daga ranar a keken guragu yake, yana da shekara 23. Lee Richardson na Ingila ya rasu bayan hatsari a Wroclaw a watan Mayun 2012. Tai Woffinden, mai kofin duniya uku, sai da likitoci suka sa shi dogon barci bayan hatsarin da ya yi a Krosno a watan Maris 2025, a wasan gwaji tun ba a fara kaka ba. An zagaye filaye da shingen iska, ya ceci rayuka da dama, amma babur marar birki bai daina zama babur marar birki ba.

Wannan ne ya sa hujjata ke ba ni tsoro ni kaina. In kofi na fitowa daga kujerun matasa, to nauyin ƙungiya da na gari guda yana kan yaron da doka ta yarda ya fara tun yana da shekara 16. Shugaban da ya kashe kuɗi mai yawa a kansa ba zai so jin cewa kafaɗarsa ba ta gama warkewa ba ana gobe wasan kusa da na ƙarshe. Shi kuma yaron ya san shekarunsa na zinari ƙidayayyu ne, ba zai ce a'a ba. Saboda haka in zan auna wata ƙungiya kafin Afrilu, bayan na duba yaranta biyu, zan duba ko tana da na uku da na huɗu da za su iya hawa ranar da ɗaya ya faɗi, da kuma ko mai horarwarta ya taɓa ajiye yaro a benci a babbar karawa don likita ya ce a jira mako biyu.